Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙanena na shan tiramol, mu kai shi a kulle?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Idi-Araba. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, shekarunsa 23, yana dako a kasuwar Mile 12. Tun bara muka gane yana shan tiramol, yanzu ta kai in bai sha ba ko daga tabarma ba ya iya tashi. Baffanmu ya ce mu kai ƙararsa da kanmu a kama shi a kulle, ko mu mayar da shi gida a sa shi a mari. Maigidana kuwa ya ce ya taɓa karanta inda ka ce kama masu shaye-shaye ba ya maganin komai. To Malam, in ba a kama su ba, ba an halatta haram ke nan ba? Innarmu ko barci ba ta yi.
Daga 'yar'uwarku a Idi-Araba.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya shirye shi, ya sanyaya wa Inna zuciya. Kada ku kai shi a kulle, kada ku sa shi a mari. Ku kai shi wurin likita. Ki ba Baffa haƙuri, na san zafin zuciya da kunyar idon jama'a ne suka sa shi faɗin haka, kuma ba don ya ƙi yaron ba ne.

Maigidanki ya karanta daidai, amma ban taɓa cewa ƙwaya halal ba ce, kuma ba zan faɗa ba. Duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, a kan wannan muka tashi. Abin da nake ja da shi daban ne: shin jefa mashayi gidan yari shekara da shekaru yana raba shi da abin? Ko a zamanin Manzon Allah (SAW) akwai mutumin da aka sha kawowa saboda shan giya. An hukunta shi ya koma cikin jama'a, aka sake kawo shi. Da wani ya tsine masa, Manzo ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya hana sahabbai su taya shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Giyar kanta ba a dare ɗaya aka haramta ta ba, daki-daki aka bi da mutane. Mu ne muka ƙirƙiro cewa wanda ya faɗa shaye-shaye ya tashi daga mutum.

Shekara 22 ke nan ina bayan kanta a kemis a nan Agege, bari in faɗa miki abin da idona ya gani. Akwai yaron maƙwabcinmu, ɗan acaba, a gabana aka yi masa kaciya. Wata rana da yamma masu kaki suka kawo samame majalisarsu, aka same shi da ƙulli biyu na wiwi a aljihu. Su bakwai aka kwasa. Kafin sallar isha'i biyar sun dawo gida, iyayensu sun san abin da aka miƙa. Shi ubansa maigadi ne, ba shi da abin miƙawa. Wata 14 yaron nan ya yi yana jiran shari'a. Ranar da na raka uban ziyara, ya miƙo hannu mu gaisa, na ga ƙazwa ta cinye tsakanin yatsunsa har tana ruwa. Abin da ya roƙa sabulu ne da garin kwaki. Da uban ya juya yana share ido da bakin rawani, sai yaron ya yi ƙasa da murya ya ce mini, "Baba, a nan ciki ma ana sayarwa, sai dai da tsada." Ya fito ya tarar mai babur ya karɓe babur ɗinsa, yarinyar da aka yi musu baiko an ba wani, ba kuma wanda zai ɗauke shi aiki domin an ce tsohon fursuna ne. Ya shiga wiwi kaɗai ya sani. Ya fito ya san roci, ƙwayar nan mai sa barci, ya san kolos, wato wiwin da ake haɗawa da sinadarai, ya san lambar dila uku. Wannan shi ne maganin da Baffa yake nema wa ƙanenki ba tare da ya sani ba.

Dokar NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi wadda aka kafa a 1989, ta yanka shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis ko makamantanta, ko da sha kawai yake yi ba sayarwa ba. A aikace alƙalai kan sassauta, amma kafin a kai ga alƙali fa? Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jira suke. Sannan ki duba yawan mutanen da ake magana a kansu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 ne suka taɓa ƙwaya ko wiwi a shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol suke sha, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Yankin da ya fi kowane yawa shi ne wannan namu na kudu maso yamma. Gidajen yarinmu kakaf ba su riƙe da mutum dubu 100 ba, amma sun cika sun batse. Ina za a zuba miliyan 14? Tunda ba za a iya kama kowa ba, sai a riƙa tsintar wanda ba shi da gata: ɗan dako, ɗan acaba, mai wankin takalmi. Ɗan mai kuɗi da ke sha a cikin mota mai baƙin gilashi a Lekki ba ya kwana a caji ofis.

Kuma ba sassauci ne ya kawo mu nan ba. Tun 1966 aka yi dokar wiwi da ta tanadi kisa ga mai noma ta. A watan Afrilun 1985, a nan Kirikiri, aka ɗaure mutum uku a jikin durom aka harbe su saboda safarar hodar iblis, a ƙarƙashin dokar soja ta 1984. Manya suna tunawa da ranar. Shekara 37 bayan haka, a 2022, aka buɗe wani sito a Ikorodu aka tarar da tan 1.8 na hodar nan. Da tsoro na kashe wannan kasuwa, da tuni ta mutu.

Misalin da na fi sani shi ne na kodin, don a gabana aka yi. A watan Mayun 2018, bayan binciken BBC, gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Na yi murna a lokacin, domin na ga matan aure da 'yan mata da kwalbar nan ta lalata. Amma masu sha ba su daina ba. Kwalbar ta koma bayan fage, kuɗinta ya ninninka, wanda ba zai iya saye ba ya koma haɗe-haɗen da ba wanda ya san abin da ke ciki. Haka tiramol. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake sayar wa ƙanenki a gindin gada 225 ne ko 250, ta tashar Apapa yake shigowa cikin kwantena. Da Indiya ta tsaurara a kansa a 2018, sai 'yan fasa-ƙwauri suka kawo wata ƙwayar da aka haɗa tapentadol da carisoprodol, wadda ta fi shi haɗari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai fasa-ƙwauri yana son abin da ya fi ƙarfi a ƙaramin kwali. Amurka ta ɗanɗana wannan daga 1920 zuwa 1933 da ta hana giya, masu sha suka koma barasa mai zafi da ta jabu, mutane suka makance, wasu suka mutu, 'yan daba irin su Al Capone suka yi kuɗi.

Yanzu ki tambayi kanki abin da ya kai ƙanenki ga ƙwayar. Ni na san 'yan dakon Mile 12, suna zuwa wurina sayen man zafi. Tun ƙarfe huɗu na asuba tirela ke tsayawa, mutum ya ɗora buhun albasa a ƙeya, ko kwandon tumatir a ka, ruwansa na bin wuya, ya ratsa taɓo har bakin titi, ya dawo ya sake ɗauka, har azahar. In ya kwanta rana ɗaya ba abinci, kuma gida ana jiran aike. Sai abokin aiki ya miƙo masa jar ƙwaya ya ce "sha ka ji ƙarfi". Watan farko ɗaya ta isa. Bayan wata shida uku ba sa isa, kuma yanzu ba don ƙarfi yake sha ba, don kada jiki ya yi ta karkarwa ne, da gumi da gudawa da ciwon gaɓoɓi. Abin da kika gani a kan tabarma ke nan. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Ga abin da za ku yi. Kada ku ƙwace ƙwayar ku kulle shi a ɗaki ya daina a rana ɗaya, wahalar kan sa mutum ya ɓalle ya sha fiye da da. Likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen masu shaye-shaye, kuma ba shi da nisa da ku. Kada kalmar asibitin ƙwaƙwalwa ta tsorata Inna, ba a ce ya haukace ba. Ke da maigidanki ku zauna da shi da safe bayan ya ci abinci, ba a gaban jama'a ba, ba da zagi ba. Ku tambaye shi guda nawa yake sha, kuma yana haɗawa da me, domin tiramol da roci ko giya na iya tsayar da numfashi. In ya taɓa faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, to kada ku jira gobe. Ku kuma yi tunanin wata sana'ar da ba ta dako ba, ko ta wata uku ce, don in ya koma ƙarƙashin buhu ciwon bayan zai mayar da shi. Zai iya zamewa sau ɗaya ko biyu, kada ku ce an yi asara. Batun mari kuwa, ki tuna wa Baffa abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a 2019, da aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya.

TAMBAYA: Malam, ni ban yarda da kai ba. Yaran nan tsoron hukuma kaɗai ya rage musu. In aka cire shi gari zai lalace. Ni da za a bi tawa, kisa ya dace.
Daga wani dattijo a Alaba Rago.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Damuwarmu ɗaya ce, kuma ba kai kaɗai ba ne, a watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ma ta kaɗa ƙuri'ar kisa ga masu safara. Ni ban ce a bar dila ba, ban ce a jera ƙwaya a kanti ba. Mai kwantena a Apapa da wanda ya sa hannu ta wuce, a bi su har inda suke. Abin da nake nema shi ne doka ta raba mai sha da mai sayarwa, ta faɗi adadin da in an sami mutum da shi za a tura shi asibiti maimakon kurkuku.

An gwada. Fotugal ta yi haka tun 2001: wanda aka samu da abin da bai wuce shan kwana goma ba, kwamiti yake fuskanta mai ma'aikacin lafiya da na jin daɗin jama'a, sayarwa kuwa laifi ce har gobe. Yaɗuwar cutar ƙanjamau tsakanin masu yi wa kansu allurar ƙwaya ta faɗi ƙasa warwas. Gana, a nan Afirka ta Yamma, ta mayar da hukuncin mai sha biyan tara a 2020. Iran, wadda ba wanda zai ce tana wasa da haram, ta daɗe tana ba masu shan heroin maganin methadone, mai rage ƙishirwar ƙwayar, a asibitoci. Kwamitin Afirka ta Yamma kan miyagun ƙwayoyi da Obasanjo ya shugabanta, wanda marigayi Kofi Annan ya kafa, shawarar da ya bayar ke nan a 2014. Obasanjo soja ne, ba mai sanyin hannu ba.

Inda kake da gaskiya, Alhaji, shi ne sakin mutane kawai ba ya isa. Jihar Oregon a Amurka ta daina kamu bayan ƙuri'ar 2020, wuraren magani ba su wadata a kan lokaci ba, a 2024 ta janye. Shi ya sa nake cewa wani kaso na kuɗin da ake kashewa a samame da ciyar da masu jiran shari'a ya koma gadajen asibiti da albashin ma'aikata. Tun zuwan Janar Buba Marwa shugabancin NDLEA a 2021 hukumar ta ƙara ba da ƙarfi ga nasiha da gyaran hali, na yaba, amma dokar da ke hannun jami'in da ke kan titi ba ta canza ba, kuma ita ce ke sa uwa ta ɓoye ɗanta har ya mutu a ɗaki don tsoron kada a kama shi.

Yaron maƙwabcin nan namu yana raye. Mu huɗu muka haɗa kuɗi aka kai shi asibiti, sau biyu yana zamewa. Yanzu yana sayar da lemo da kankana a bakin tashar jirgin ƙasa ta Agege, ya yi aure bara. In ka shigo unguwarmu, Alhaji, ka tsaya a kemis in kai ka ku gaisa, ka tambaye shi da bakinka abin da wata 14 ɗin nan suka koya masa.