Amsoshin Tambayoyinku: In Sayi Littafin Wasan Ko In Fara Zama a Tebur?

Wani mai karatu ya rubuto cewa zai halarci babban taron masu wasanni, kuma ya ga tallar wani wasan tebur na kwaikwayon jarumai da ya haɗa matsafa da masu kutsen kwamfuta a duniya guda. Littafin dokokinsa ƙato ne, ga tsada. Ya saya kafin tafiya, ko ya dakata?

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Amfanin irin wannan taro shi ne ka ɗanɗana kafin ka biya. A wannan wasa mutum ɗaya ne, wato jagora, ke jan ragamar labari, sauran huɗu zuwa shida kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da zai yi, ƙwayar lido kuma ta yanke ko ya dace ko bai dace ba. Haka ake yi tun fitowar wasan Dungeons & Dragons a 1974. A taro, zama ɗaya yakan ɗauki kamar awa huɗu, kuma za a miƙa maka takardar jarumin da aka riga aka tsara. Ba a buƙatar ka karanta ko shafi ɗaya kafin ka zauna.

Abin da nake so ka sa wa ido shi ne ko haɗin nan na matsafa da masu kutse ya shiga cikin dokokin wasan, ko a bangon littafi kawai ya tsaya. Misali, wasan Deadlands, wanda ya fito a 1996, ya haɗa kaboyin yammacin Amurka da fatalwa, kuma matsafinsa sai ya zari karta kafin tsafinsa ya ci. Hannunka na riƙe da kati, ka san a wace duniya kake. Shadowrun na 1989 ya sa dodanni da manyan kamfanoni a birnin Siyatil na Amurka a zamani mai zuwa, kuma ina ƙaunar wannan duniyar ƙwarai. Sai dai an daɗe ana kuka da abu ɗaya game da shi: idan mai kutse ya shiga na'ura, dokokinsa daban ne, sauran 'yan tebur sai su yi tagumi suna jiran ya fito. Wasan da ya haɗa nau'i biyu sau da yawa dokoki biyu yake ɗauke da su, kai kuma da ka saya, kai za ka koyar da su duka ga abokanka.

Saboda haka ka lura da sau nawa jagoran ke tsayar da labari ya buɗe littafi. Ka duba fuskar wanda ba layinsa ba ne, yana sauraro ko ya koma latsa waya. Kuma kada iya bakin jagora ya ruɗe ka, domin wanda kamfani ya turo ya nuna wasa gwani ne, ko da dokoki marasa daɗi zai iya sa tebur ya ɗauki shewa. Bayan an tashi ka tambaye shi kai tsaye waɗanne dokoki ya tsallake yau. Idan sun yi yawa, a gida za ka same su suna jiranka.

Ka kuma yi rajistar kujerarka da wuri. A Gen Con, wani babban taron masu wasanni na Amurka da aka fara a 1968 kuma ake yi a birnin Indiyanafolis tun 2003, katin shiga daban ne da tikitin zama a tebur, kujerun wasannin da ake rububi kuwa nan da nan suke cika.

Wata baiwar Allah kuma ta ce ba ta taɓa yi ba, tana jin nauyin magana a gaban baƙi, sannan ko akwai abin da ya kamata ta saya.

'Yar'uwa, nemi zaman da aka rubuta cewa na sababbi ne, ki gaya wa jagoran tun farko cewa yau kika fara. Ba dole ki canza murya ko ki yi wasan kwaikwayo ba. Ki ce jarumata za ta leƙa ta taga, ya wadatar. Wajen zaɓen takarda, ɗauki mayaƙi ki bar matsafi da mai kutse, don su ne masu dogon lissafi.

Sayayya kuwa, fensir ya ishe ki ranar farko, don za a ara miki ƙwayoyi. Saitin da aka saba sayarwa guda bakwai ne, daga mai fuska huɗu zuwa mai fuska ashirin, amma Shadowrun masu fuska shida kawai yake so, da yawa. Ki bari sai kin san wasan da ya kwanta miki. Kamfanoni da dama suna sakin taƙaitattun dokoki kyauta a intanet tare da gajeren labari guda. Ki sauke, ki gwada da ƙawayenki sau ɗaya ko biyu, in sun nemi a ƙara, sai ki sayi babban littafin.