Lauyan da ya fara da kyauta tun bai ga rauninki ba

Wata 'yar uwa da ke aikin kula da tsofaffi a Birmingham ta aiko da wannan tambaya: "Wata biyu da suka wuce na zame a banɗakin wurin aiki, ruwa ya malale ba a sa alama ba, na bugu a ƙugu da baya. Wani ɗan ƙasarmu ya ce zai haɗa ni da lauya, za a ba ni fam 500 da sabuwar waya da zarar na sa hannu. Ya ce in ce ciwon ya hana ni tafiya gaba ɗaya don diyyar ta yi kauri. A gida ana jiran kuɗin makarantar ƙannena. In karɓa? Zai taɓa takarduna?"

Ƙanwata, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Kada ki karɓi kuɗin, kada ki karɓi wayar, kada ki sa hannu a takardar mutumin nan. Amma kada tsoro ya sa ki yafe haƙƙinki, domin yadda kika bayyana lamarin, akwai alamar kina da shi.

A Ingila da Wales doka ta haramta wa lauya ya jawo mai rauni da kyauta don ya kawo masa ƙara. Akwai lokacin da ake tallata irin wannan a fili: kawo ƙararka ka samu tsabar kuɗi, ko kwamfutar hannu, ko katin sayayya. A 2013 aka hana kamfanonin dillancin ƙara yin haka, aka kuma hana lauyoyi biyan kamasho ga wanda ya kawo musu mai rauni. Da aka ga su lauyoyin da kansu sun ci gaba da rabon kyauta, sai majalisa ta toshe ƙofar a Dokar Shari'ar Laifuka da Kotuna ta 2015, daga sashe na 58. Dokar ta haɗa har da kyautar da aka biyo da ita ta hannun wani, wato irin ɗan ƙasarmu da ya same ki. Hukumar SRA, mai kula da lauyoyi, ita ke hukunta wanda ya saɓa. Abin da aka bari shi ne rangwame a kan aikin shari'ar kansa, kamar rage kuɗin lauya, ko yarjejeniyar nan ta "in ba a ci ƙara ba, ba biya".

To ki duba: ko dai wanda za a kai ki wurinsa lauya ne da ya san dokar ya take ta, ko kuma ba lauya ba ne sam. Wanda ya fara hulɗa da ke da karya ƙa'idar sana'arsa, me zai hana ya cuce ki ranar da kuɗi suka fito? Fam 500 ɗin nan tsaba ce ake watsa wa kaza. Za su fanshe ta daga diyyarki, da riba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shawarar ki ƙara wa ciwon gishiri. Sashe na 57 na wannan doka ya ce idan kotu ta gano mai ƙara ya yi ƙarya a ginshiƙin maganarsa, za ta kori ƙarar baki ɗaya, har da ɓangaren da yake gaskiya, sai fa idan korar za ta zama babban zalunci. Mai ƙarar rauni da ya yi ƙara bisa gaskiya amma bai ci ba, yawanci ba a ɗora masa kuɗin lauyoyin ɗaya ɓangaren, amma wanda aka kama da ƙarya ya rasa wannan kariya. Kamfanonin inshora kuma ba barci suke yi ba. Suna sa a ɗauki mutum bidiyo a titi, suna leƙa Facebook da TikTok ɗinsa. Ki ce ba kya iya tafiya, sai ga ki a bidiyon biki kina taka rawa, ko kina ɗauke da ledojin cefane. An sha ɗaure mutane a ƙasar nan kan raina kotu saboda irin wannan. Ga mai biza abin ya ninka: hukuncin zamba zai bi ki duk ranar da kika je sabunta takardu, ko neman zama na dindindin, ko zama 'yar ƙasa, inda ake duba halin mutum. Ranar da abin ya ɓaci, ɗan kamashon ya canja lamba. Sunanki ne a takarda, sa hannunki ne a ƙasan rantsuwar cewa duk abin da aka rubuta gaskiya ne.

Ƙara ta gaskiya kuwa ba ta ɓata biza. Diyyar rauni ba ta cikin tallafin gwamnati da aka hana masu bizar aiki karɓa. Kuma ba daga aljihun manajanki za ta fito ba, doka tun ta 1969 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su yanki inshorar raunin ma'aikaci. Na san abin da ke ranki: bizarki a hannun kamfanin take, in aiki ya tafi, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samo wani mai ɗaukar nauyi. Wannan fargaba ba ta banza ba ce, shi ya sa nake so ki bi abin a tsanake, da mutanen da za su tsaya miki idan aka fara canja miki fuska a wurin aiki.

Fara da littafin da ake rubuta haɗurra a wurin aikinku. In ba a rubuta faɗuwarki ba, aika wa manaja imel yau, ki faɗi rana da lokaci da wurin, ki ajiye kwafi. Je wurin likitan da kike rajista da shi ki faɗa masa ciwon daidai yadda yake, ba ƙari ba ragi. Rubuta sunayen abokan aikin da suka gani. Tara rasit na magani da na mota, da takardun albashi masu nuna kwanakin da kika rasa. In kina cikin ƙungiyar ƙwadago irin su Unison ko GMB ko Unite tun kafin haɗarin, kira su kafin kowa, suna da lauyoyin da ke yi wa membobi irin wannan aiki. In ba kya ciki, ofishin Citizens Advice na ba da shawara kyauta. Duk lauyan da kika samu, sa sunansa da na kamfaninsa a rajistar SRA da ke intanet ki tabbatar yana nan. Tambaye shi nawa zai cire in an ci ƙara, ya rubuta miki. Ladan nasara da doka ta yarda ya cira ba ya wuce kashi 25 cikin ɗari na diyyar ciwo da asarar da ta riga ta wuce. Ki kuma tambayi ko akwai kuɗin inshorar ƙara a kai, wato inshorar da ke ɗaukar kuɗin shari'a in ba a ci ƙara ba. Babu gaggawar da za ta sa ki sa hannu a tsaye: wa'adin shigar da ƙara shekara uku ne daga ranar haɗarin, ko da yake gara a fara tun shaidu ba su watse ba. Masu karatu da ke Scotland su sani tsarinsu daban ne.

Saura maganar gida. Kada ki yi musu alkawari da kuɗin diyya, abu ne mai ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara. Kira Hajiya ko babban wanku ki faɗa musu kin ji rauni, abin da za ki iya turowa zai ragu na ɗan lokaci. Yawancinmu muna ɓoye ciwo don kada hankalin iyaye ya tashi, sai su ci gaba da lissafi da albashin mai lafiya. A roƙi makaranta ta karɓi kuɗin kashi-kashi, a raba nauyin da sauran 'yan uwa zangon nan.

Saƙonnin da mutumin nan ya turo miki kada ki goge su. In har ya ambaci sunan wani kamfanin lauyoyi, za ki iya kai rahoto wurin SRA, don na tabbata ba ke kaɗai ya tunkara ba a cikin 'yan uwanmu masu aikin kula da tsofaffi.