Tambaya da Amsa: Zurfin Bahar Maliya da yadda ruwanta ke tafiya

Tambaya: Idan jirgin alhazai ya kusa Jidda mukan hangi ruwa shuɗi sosai a ƙasa. Shin nawa ne zurfinsa? Daga wani malamin makaranta, Daura.

Amsa: Malam, zurfin ba ɗaya ba ne. Bahar Maliya doguwa ce siririya: tsawonta kusan kilomita 2,250, inda ta fi faɗi kuma kusan kilomita 355. Gefe-gefe ruwan ba shi da zurfi, ga duwatsun murjani birjik, kuma nan ne haɗarin yake ga jiragen ruwa, domin dutsen yana ɓoye dab da saman ruwa. Can tsakiya kuwa akwai wani kwazazzabo da ya bi tsawon tekun, a wasu wurare ya wuce mita 2,500. Asalinsa tsagewar ƙasa ce: yankin Larabawa yana janyewa daga Afirka da kimanin santimita 1 a shekara. A wani rami tsakanin Jidda da gaɓar Sudan, mai zurfin kusan mita 2,000, akwai ruwan gishiri mai kauri da zafinsa ya haura digiri 60.

Tambaya: An koya mana cewa babu kogin da ke zuba a cikinta. To, yaya ba ta ƙafe ba? Daga wata ɗaliba, Katsina.

Amsa: 'Yata, tambayarki ta yi kyau. Gaskiya ne babu kogi mai gudu shekara duka da ke zuba a cikinta, ga ƙarancin ruwan sama, ga rana da iska suna shanye kusan mita 2 na ruwanta kowace shekara. Kin san yadda miya kan yi idan ta tsotse a kan wuta: ruwa ya tafi, gishiri ya fito. Shi ya sa kowane kilo na ruwanta ke ɗauke da kusan giram 40 na gishiri, alhali yawancin tekuna 35 ne.

Abin da ke cike giɓin shi ne mashigar Babul Mandab a kudu, tsakanin Yaman da Jibuti. Faɗinta kusan kilomita 30, bai kai rabin tafiyar Katsina zuwa Daura ba. A nan ruwa biyu ke saɓawa. Daga Oktoba zuwa Mayu, ruwan Tekun Adan (wani reshe na Tekun Indiya) mai ƙarancin gishiri yana shigowa ta sama, ya nufi arewa. Yana tafe yana ƙara gishiri, sanyin arewa ya ƙara masa nauyi, sai ya nutse, ya juyo ta ƙarƙashi ya fice ta inda ya shigo. Daga Yuni zuwa Satumba iska kan juya, sai ruwan ya zama hawa uku: na sama ya fita, na tsakiya ya shigo, na ƙasa ya rage ƙarfi.

Kusa da mashigar akwai tudu a ƙarƙashin ruwa, zurfinsa bai kai mita 150 ba. Shi ke tare ruwan sanyi na ƙasan Tekun Indiya, don haka ko a can ƙasa ɗumin Bahar Maliya bai gaza digiri 21 ba.