Yadda ake ɗaukar hoton ƙananan tsuntsaye suna tashi

Tambaya: Malam, ina da kyamarar Canon da lensi mai kaiwa 300mm. Idan tsuntsu yana zaune a kan reshe, hotonsa yakan fito tas, amma da zarar ya tashi, musamman tsattsewa da gwara, sai in sami hoto dishi-dishi ko kuma sararin sama kawai babu tsuntsun. Kyamarar ce ta gaza, ko akwai saitin da ban sani ba? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Kayan aikinka sun isa, Malam. Matsala biyu ce ta haɗe maka, ɗaya ta saiti, ɗaya ta dabara, kuma ta biyun ita ce babba.

Ta saitin ba ta da wuya. Dishi-dishin yana zuwa ne daga tsawon lokacin da shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, take buɗe. A ce tsuntsu yana tafiyar mita 10 a daƙiƙa ɗaya: idan ka ɗauka a 1/500 na daƙiƙa, kafin shota ta rufe ya riga ya gusa santimita 2, wanda ya fi faɗin kan gwara, ballantana bakin fukafukai da suka fi gangar jiki saurin motsi. A 1/4000 kuwa milimita biyu da rabi kawai zai gusa. Saboda haka kada ka sauka ƙasa da 1/2000, ga tsattsewa kuma 1/3200 ko 1/4000 ya fi. Sai dai 1/4000 yana shigo da kashi ɗaya bisa takwas ne na hasken 1/500, don haka ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take ƙara wa hoto haske, zai tashi daga 400 ya koma 3200. Mutane da yawa suna tsoron wannan saboda ɗigo-ɗigon da yake kawowa, alhali ɗigo-ɗigo ana iya rage shi a kwamfuta, hoton da motsi ya ɓata kuwa ya tafi ke nan. Ka sa kyamara a M, wato saitin hannu, ka kafa saurin shota, ka bar ƙofar haske a f/5.6 zuwa f/8, ISO kuma ya zaɓi kansa. Fokas ya zama mai bin motsi, wato AI Servo a Canon, AF-C a Nikon da Sony, sannan ka kunna ɗauka a jere.

Dabarar ita ce ka daina bin tsuntsu da kyamara. Ƙaramin tsuntsu yana sauya hanya kafin hannunka ya amsa, kuma a 300mm filin da kake gani ta kyamara ɗan kaɗan ne. Masu samun irin hotunan da kake sha'awa galibi sun fara sanin inda tsuntsun zai bi ne, sai su kafa kyamara a can su jira shi ya shigo da kansa.

Babu makarantar da ta kai bishiyar marai da damina. Namijin marai yana zarya tsakanin ciyawa da sheƙarsa da zaren ganye a baki, ta hanya kusan guda, sau da yawa a cikin awa ɗaya, kuma idan ya iso yakan rage gudu ya baza fukafukai kafin ya maƙale a ƙarƙashin sheƙar. Ka zauna ka lura da sheƙa ɗaya tukuna ba tare da ka ɗauki komai ba. Idan ka gane ta wane gefe yake shigowa, ka saita fokas a kan sheƙar, ka mai da lensin fokas na hannu don kada ya zame zuwa ganyen baya, ka gusa kyamara yadda sheƙar za ta koma gefe, ka bar fili a inda zai ɓullo. Daga nan idonka ya bar kyamara ya koma kan tsuntsun, ka danne maɓalli tun bai shigo ba. Ka tsaya a inda zai gifta ta gabanka, don idan yana tunkararka zai fita daga fokas nan take: a 300mm da f/8, daga nisan mita 5, zurfin wurin da ke fitowa tas bai kai tsawon tafin hannu ba. Idan kuwa ka ga ya daina zuwa sheƙar, to ka matsa da yawa, sai ka ja baya.

Tsuntsu yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska, don haka ka nemi lokacin da rana da iska duk suke bayanka, ka samu fuska da ƙirji cikin haske. Hantsi da la'asar sun fi tsakar rana, wadda take sa duhu a ƙarƙashin fukafukai. Lokacin hunturu hazo yana rage haske yana kuma rikita fokas, ga ƙura, don haka kada ka sauya lensi a fili. Idan farin sama ne a bayan tsuntsun, ka ƙara haske mataki ɗaya, wato ka ninka shi, in ba haka ba zai fito baƙi ƙirin.

Sababbin kyamarori irin su Canon R7 da OM-1, waɗanda suka fito a 2022, suna gane tsuntsu su bi idonsa, suna kuma iya ajiye hotunan da suka gabaci danna maɓalli. Suna taimakawa ƙwarai, amma ban ga dalilin cin bashi dominsu ba tun ba ka gwada abin da ke sama ba.

Tsattsewa ka bar ta a ƙarshe. Idan lokacinta ya yi, ka neme ta a bakin tafki inda take sauko wa ruwa ta shafe shi da baki, ko a rana mai iska lokacin da take tashi tana fuskantar iskar, gudunta ya ragu. Ka rage lensin zuwa 200mm don ka samu fili, ka yanke hoton daga baya, kuma ka sa ran cewa yawancin hotunan da ka ɗauka a ranar, goge su za ka yi.