Auna tukuna, sannan ka tambayi waya

Yarona, ka tambaye ni, tun da yanzu mutum yana iya ɗaukar hoton allon injin ya tura wa ChatGPT ya samu amsa nan take, don me nake matsa maka da awo da sauraren ƙarar injin. Ba zan hana ka wayar ba, ni ma ina aiki da ita. Littattafan injinan ɗura ruwa a leda da suka cika Yamai yawanci da Sinanci ko Turanci suke zuwa, ga shi mu Faransanci muka karanta. Yau sai ka ɗora kyamarar Google Translate a kan shafi ka karanta. Wannan ci gaba ne, alhamdu lillahi.

Amma ƙirƙirarriyar basirar nan ba ta taɓa injin da ke gabanka ba. Abin da ka faɗa mata kawai ta sani. In ka rubuta "leda tana yoyo, mene ne?", za ta jero maka dalilai barkatai, kowanne mai yiwuwa, kai kuwa kana tsaye, mai masana'anta yana kanka, aiki ya tsaya. Abu uku ke manne bakin leda: zafi, matsi, da tsawon lokacin da ƙarafan mannewa suke riƙe da ita. Ledar ruwa tana narkewa a wajen digiri 110, shi ya sa ake ɗaga zafin ƙarfen sama da haka, domin riƙon ɗan lokaci ne. To allo yana iya nuna maka zafin da ka saita alhali ƙarfen bai kai ba, ko ya wuce, idan wayar da ke jin zafin ta saki daga mazauninta. Sai ka kashe wuta ka auna rezistans ɗin, wato abin da ke zafafa ƙarfen, da miltimetir, mitar awon wuta. Mai wat 500 a kan bolt 220 ya kamata ya ba ka kusan om 97. In mita bai nuna komai ba, ya tsinke. In ya yi daidai, duba teflon ɗin da ke kan ƙarfen, shimfiɗar da ke hana leda liƙe masa, ko ya ƙone, duba iskar kwampireso ko matsinta yana kai bar 6 in injin na iska ne, ka tambayi masu aiki ko yau aka sa sabon naɗin leda mai wani kauri daban. Da waɗannan lambobin a hannu, je ka tambayi wayar. Za ka ga amsar ta zama gajera, mai amfani.

Inda nake so ka fi yin hattara shi ne lambobin gargaɗi na baryater, akwatin da ke sarrafa gudun motar da ke juya injin. Kowane kamfani da nasa. A na Delta, Lv na nufin wuta ta yi ƙasa, oH zafi ya yi yawa, oc kuma motar ta ja kuran fiye da kima. Siemens lambobi yake bayarwa masu farawa da F. In ba ka gaya wa wayar suna da samfurin baryater ɗin ba, tana iya kawo maka ma'anar wani kamfani, kuma da cikakken tabbaci za ta faɗa, ba ko ɗar. Don haka ɗauki hoton farantin da ke jikinsa ka haɗa da tambayar, sannan ka gwada amsar da littafin kamfanin kafin ka sa mutum ya sayi sabon kaya.

Kuma ka gaya mata inda kake. Ba ta san cewa a watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana kai digiri 45 ba, ko cewa cikin akwatin wuta a rufe ya fi haka. Ba ta san da rana tsaka, lokacin da kowa ya kunna fanka da firiji, ƙarfin wuta yana iya sauka ba, ko cewa an koma kan janareta. Injin da ke lafiya da safe ya fara pan, wato lalacewa, bayan azahar, fara da auna wuta da duba fankar akwatin. Lokacin hunturu kuwa, in injin ya riƙa yanka leda ba a kan alama ba, goge ƙurar da ke kan idon da ke karanta baƙin ɗigon ledar kafin ka zargi otomat, ƙaramar kwamfutar da ke tafiyar da injin. Fitilun da ke jikin otomat ɗin ma suna magana: kowace shiga da kowace fita da tata fitila, ka koyi karanta su tare da zanen wayoyi.

Abu biyu ban yarda ba, ko wa ya ba ka shawara. Kada ka canza saitin baryater ko tsarin otomat sai ka kwafe na asali a kwamfuta, ko aƙalla ka rubuta a littafinka. Tsarin nan amanar mai injin ce, ba a tura shi intanet sai da izininsa. Na biyu, kada ka haɗe wayoyin makullin tsaro na ƙofar injin don ya yi aiki a buɗe. Ƙarafan nan ba su bambanta leda da yatsa. Baryater mai aiki da bolt 380 yana riƙe kusan bolt 540 a cikinsa bayan ka kashe dijanktar, saboda haka jira mintunan da aka rubuta a jikinsa, ka auna, ka sauke iskar da ta rage a bututu, sannan ka sa hannu.

Gobe in Allah ya kai mu, ka zo da littafi. Duk pan ɗin da muka gyara za ka rubuta ranar, lambar da allo ya nuna, abin da mita ya ba ka, abin da wayar ta ce, da abin da muka tarar. Za mu fara da injin yawurt ɗin can da ke cin rezistans, daga nan ka wuce kasuwar Katako ka nemo mana teflon.