Amsa kan ma'aunin da ke ƙiyasta tsoka da kitse a jikin matasa

Malama, kin tambaya ko za a dogara da ma'aunin da ya nuna tsokar ɗanki mai shekara 14 ta ragu cikin mako guda. Na'urar tana tura lantarki kaɗan ta tafin ƙafa, wanda ke ratsa ruwan jiki cikin sauƙi amma kitse ke tare shi, sannan ta yi lissafi da tsayi da nauyi. Yaron da ya dawo daga ƙwallo cikin zafin Afrilu na Kano, gumi sharkaf, dole alƙalumansa su karkace. Haka kuma lissafin kan ɗauki kashi 73 na jikin da ba kitse ba a matsayin ruwa, alhali na mai tasowa ya ɗan haura haka. A auna shi da safe, bayan fitsari, kafin kalaci.