Jinya, shawara, sanyi da ƙari: amsoshin tambayoyinku kan kalmomin asibiti

Assalamu alaikum. Tambayoyin da suka taru wannan karon kusan duk maganar asibiti ce, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Aikina dai harshe ne, magani na likita ne, amma abin da na lura da shi shi ne kalmominmu na ciwo suna da faɗi sosai, kalma ɗaya sai ta kwashi cututtuka uku ko huɗu, shi kuma likita kowace cuta da sunanta daban da maganinta daban. To a nan ake samun saɓani, mara lafiya ya faɗi wani abu, ma'aikaci ya ji wani abu.

Wani ɗalibi ya tambaya: Malam, asibiti da likita da allura da tiyata Hausa ne ko aro ne?

Ɗana duk aro ne, amma sun zauna daram sun zama namu. Asibiti da likita daga Turanci suka shigo, hospital da doctor. Harshen Bahaushe ba ya son wasu baƙaƙe su haɗu ba wasali a tsakani, sai ya cusa i ya raba su, kuma ba mu da p sai b ta maye gurbinta, d ɗin farkon doctor kuma ta koma l. Allura kuwa Larabci ce, al-ibra, muka haɗe al ɗin da gangar kalmar kamar yadda muka yi a alƙali da alƙalami da aljihu. Ita kanta lafiya haka ta zo, daga al-afiya, sai dai ita a ɗin farko ya faɗi, irin na littafi da labari. Tiyata a Turancin Ingila sunan ɗakin ne ba sunan aikin ba, domin a da ɗakin aikin yana da kujeru hawa-hawa inda ɗalibai ke zama suna kallon yadda malaminsu ke yi. Mu muka ɗauki sunan ɗakin muka ba aikin, har muke cewa an yi masa tiyata. Tamu ta gida ita ce fiɗa, daga feɗewa, shi ya sa ake cewa likitan fiɗa, ko da yake yanzu da yawa sun fi son su ce kawai za a yi aiki saboda fiɗa tana da nauyi a kunnen mara lafiya.

Wata baiwar Allah ta ce an tambaye ta a asibiti "ke ce mai jinyar?" ta ce eh, ashe mara lafiyar ake nema, ita kuma rakiya ta yi. Wa ya yi kuskure?

Hajiya babu wanda ya yi kuskure, kalmar ce mai fuska biyu. In aka ce wane yana jinya, kwance yake ba lafiya. In aka ce wance tana jinyar mahaifiyarta, ita lafiyarta ƙalau, kula take yi. Ga kuma ma'aikaciyar jinya wato nas, ita ma jinyar ce a sunanta. Majinyaci ya fi karkata ga wanda ke kwance amma shi ma za ki ji ana kiran mai zaman kula da shi. Abin da ya fi sauƙi ki ce ni ce mara lafiyar, ko ni ce mai zama da ita, musamman lokacin ɗibar jini ko rubuta suna a kati. Kalmar nau'i biyu ce, jinya da jiyya, duk daidai ne, bambancin karin harshe ne kawai. An ba shi gado na nufin an kwantar da shi, an sallame shi na nufin an ce ya koma gida, kuma a kula, sallama ba ita ce warkewa ba, sau da yawa akwai ranar dawowa a rubuce a katin.

Wani ya ce: mene ne haɗin shawara ta ciwo da shawara ta neman ra'ayi, kuma shin shawara ita ce ciwon hanta?

Lafazi ne ya zo ɗaya, ma'ana kowa da hanyarta. Ta neman ra'ayi danginsu ɗaya da shura ta Larabci. Ta ciwo kuwa ita ce ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, wani lokaci har tafin hannu. Abin da nake so ka riƙe shi ne a wurin likita shawara alama ce ba cuta ba. Akwai wani sinadari da ake kira bilirubin, yana fitowa ne idan tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe, hanta ce ke tace shi ta fitar, to in ya taru a jiki shi ne ido ke sauya launi. Taruwar na iya zama daga kumburin hanta, ko toshewar hanyar matsarmama, ko jinin ne ke farfashewa da sauri kamar yadda ake gani a masu sikila ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ka ga ke nan maganin shawara guda ɗaya da zai yi wa kowa babu shi. Shi kansa ciwon hanta iri-iri ne, A da B da C su aka fi ji, na B yana da allurar riga-kafi, na C yana da magani da ke warkar da shi, kuma mutum zai iya ɗauke da B shekara da shekaru idonsa fari tas. Jarirai da yawa suna yin shawara a kwanakin farko ta wuce, wasu a sa su ƙarƙashin fitila ta musamman, amma wadda ta bayyana cikin awa 24 na farko bayan haihuwa ba a jira da ita ko kaɗan.

Wata uwa ta rubuto da damuwa: an ce tana da hawan jini, bayan wata biyu kuma aka ce jininta ya yi ƙasa har ana maganar ƙarin jini. Ta ce ya za a yi jini ya hau kuma ya yi ƙasa, ko dai ɗaya ƙarya ne?

Baiwar Allah ki kwantar da hankalinki, duka biyun na iya zama gaskiya a jiki ɗaya a rana ɗaya, harshenmu ne ya sa suka yi kama da kishiyoyi. Hawan jini ba yawan jini ba ne. Ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya ne ya yi yawa, kamar dai ruwa a cikin tiyo in aka matse bakinsa, ruwan bai ƙaru ba amma ƙarfinsa ya ƙaru. Shi ya sa ake ba ki lamba biyu, ta sama lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa lokacin da ta saki. 120 bisa 80 ana ɗaukarsa daidai, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana kiran hawan jini idan aka auna a ranaku biyu daban-daban aka samu 140 ko sama a ta sama, ko 90 ko sama a ta ƙasa. Ƙarancin jini kuwa maganar jajayen ƙwayoyin jini ce da sinadarin himogulobin da ke ɗaukar iskar numfashi zuwa sassan jiki, shi ba da abin ɗaure hannu ake auna shi ba, sai an ɗebi jini. Saboda haka in aka ce miki jininki ya yi ƙasa, ki tambaya: awon hannu ne ya sauka ko gwajin jini ne ya nuna ƙaranci? Tambayar nan kaɗai ta isa ta raba gardama. Kar kuma ki ajiye maganin hawan jini don an ce jini ya yi ƙasa sai wanda ya rubuta miki shi ya ce ki ajiye, wannan abu yana damuna ƙwarai domin kuskure ne na kalma amma a jiki yake ƙarewa.

A nan ne zan amsa wanda ya tambayi ma'anar jiki magayi, yana cewa ai in da ciwo jiki zai faɗa. Malam karin maganar ba alƙawari take yi maka ba, gargaɗi take yi. Ana faɗa wa wanda aka yi wa magana ya ƙi ji ne, ma'ana tunda kunne bai ji ba jiki zai ji, kuma lokacin da jikin zai gaya maka ɗin an riga an sha wuya. Hawan jini yawanci shiru yake zuwa ba ciwon kai ba jiri, wani sai shanyewar ɓarin jiki ce farkon abin da zai gani. 'Yar'uwarta da ta fi dacewa da asibiti ita ce in kunne ya ji gangar jiki ta tsira.

Tambaya a kan sanyi ta zo daga mutane da dama, maza da mata.

Gaskiya babu kalmar da ta kai wannan ɗaukar kaya. Mai ciwon gaɓoɓi ya ce sanyi, mai ciwon haƙarƙari da tari wanda likita zai kira limoniya ya ce sanyi ne ya kama shi, mace mai ƙaiƙayi ko fitar ruwa ta ce sanyi, namiji mai zafin fitsari da fitar mugunya shi ma ciwon sanyi. Kunya ce ta sa muka lulluɓe na ƙarshen nan da kalma mai laushi, kuma kunya abu ne mai kyau, sai dai lulluɓin ya sa mutane na zaton ruwan sanyi ko zama a ƙasa ne ke kawo shi. Gonoriya, wadda ke sa zafin fitsari da fitar mugunyar nan, ta hanyar saduwa ake ɗauka, ƙwayar bakteriya ce, kuma dole a yi wa mutum da abokin zamansa magani tare in ba haka ba ta yi ta dawowa. Wani ƙaiƙayin kuma na mata ba ruwansa da saduwa sam, shi ya sa ba kyau a fara zargi kafin gwaji. A gaban likita kalmar sanyi ita kaɗai ba ta isa ba, a faɗi wurin, a faɗi yaushe ya fara, da zafi ko ƙaiƙayi, da ruwa ko babu. Nan ne muhallin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wato in lokacin bayyana abu ya zo ɓoyewa ba ta da amfani.

Haka ma ƙwayar cuta, mu kalma ɗaya gare mu amma a ɗakin gwaji akwai bakteriya, akwai bairas, akwai irin wadda sauro ke sakawa. Magungunan da ake kira antibayotik, waɗanda tarihinsu ya faro daga gano fenisilin da Alexander Fleming ya yi a 1928, bakteriya suke kashewa, ba sa taɓa bairas, kuma mura bairas ke kawo ta. In likita bai rubuta maka su a kan mura ba, ba rowa ya yi maka ba.

Wata 'yata ta ce an yi mata hoto an ce tana da ƙari a mahaifa, tun ranar ba ta barci don ta ɗauka daji ne.

'Yata ƙari daban daji daban. Ƙari kamar yadda sunan ya nuna tsiro ne da ya ƙaru a inda bai kamata ba. Akwai wanda ke zaune wuri ɗaya ba ya yaɗuwa, akwai wanda ke cin naman da ke kusa da shi yana tafiya wasu sassan, wannan na biyun shi ne ciwon daji ko sankara ko kansa. Ƙarin mahaifa da ake kira faibroid yana da yawa a mata kuma kusan dukkansa ba daji ba ne, ko da yake yana iya jawo zubar jini mai yawa ko ciwon mara. Ki koma ki tambayi likitan kai tsaye wane iri ne. In akwai shakka akan yanki ɗan ƙaramin nama a duba shi a ɗakin gwaji, shi ne bayofsi, kuma cewa a yi bayofsi ba yana nufin an gano daji ba. Hoton ma kansa iri-iri ne a bakinmu, eksire da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895 shi aka fi yi wa ƙashi da ƙirji, sikanin da ake yi wa masu ciki kuwa da sauti yake aiki ba da wannan hasken ba.

Wani matashi ya ce rukunin jininsa O ne, to ai ba ruwansa da sikila ko?

A'a ɗana, abu biyu ka haɗa. Rukunin jini, A da B da AB da O, wanda Karl Landsteiner ya fara bayaninsa a 1901, amfaninsa babba a wurin ƙarin jini ne. Sikila ko amosanin jini kuwa jinotayif ake dubawa, wato nau'in himogulobin da mutum ya gada daga iyayensa, AA ko AS ko SS, mai SS shi ne mai sikila. Mai O zai iya zama AS. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo SS, a lura kowane ciki na ce, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai samu ba.

Na ƙarshe, mai tambayar asalin riga-kafi ya fi magani. Kalmomi biyu ne, riga wato gabata, da kafi wato shingen itace da ake kakkafawa a kewaye gari don tsaro, ana kuma kiran tsarin da ake binnewa a gida ko gari da kafi. Ma'anar ita ce ka riga masifa yin tsari. Karin maganar ta shafi komai na rayuwa, allurar ce ta zo daga baya ta ari sunan. Kuma allurar riga-kafi mai lafiya ake yi wa don jiki ya san ƙwayar tun kafin ta zo, ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu. Misali shan inna, sunan ya fito ne daga tsohon zaton cewa wata iska mai suna Inna ce ke shanye ƙafar yaro, alhali bairas ne da ke shiga ta baki ya taɓa jijiyoyin laka, ba shi da maganin warkewa in ya shanye ƙafa amma ɗigon riga-kafi na hana shi, kuma ta wannan hanyar aka kai ga ayyana nahiyar Afirka ta rabu da nau'insa na asali a watan Agustan 2020.

Tambayoyin da suka shafi awo da naƙuda da jijjiga da yoyon fitsari suna da yawa, su kaɗai za su ci zama guda, sai karo na gaba in Allah ya kai mu.